Adon Magana da Hujja: Darasi Domin Iyali

Garin Bauchi ya saba da masu iya magana. A nan kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, mutumin da aka yi wa laƙabi da Muryar Zinariya saboda daɗin jawabinsa, marubucin Shaihu Umar, littafin da ya fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Ɗan garin nan ne kuma Malam Sa'adu Zungur, wanda waƙoƙinsa suka hana masu mulki barci har ya rasu a 1958. A farkon shekarun 1940 su biyu, tare da Malam Aminu Kano da ke koyarwa a makarantar Midil, sukan zauna da sauran 'yan boko su yi muhawara a kan mulkin En'e. Zaƙin murya kaɗai ba ya fid da mutum a irin wannan zama, domin idan ya gama za a tambaye shi dalili.

Masana adabin Hausa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, sun ba kayan adon magana sunaye, kuma yaranmu na sakandare suna haɗuwa da su a jarrabawa. Idan uwa ta ce ɗanta ya miƙe kamar giginya, ta yi kamantawa. Idan ta bar “kamar” ta ce mahaifinsu bango ne, ta yi siffantawa. Wanda ya ce yunwa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ya yi mutuntarwa, ya ba abin da ba mutum ba halin mutum. Wanda ya ce duk Bauchi ta zo bikin 'yarsa ya yi kambamawa, kuma ba mai kiransa maƙaryaci, gama kowa ya san nufinsa. Habaici da zambo kuwa ba sai an koya wa kowa ba.

Babu laifi a cikin waɗannan. Littafi Mai Tsarki cike yake da su. Sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda, ya fara da labarin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, har sarki ya yanke hukunci kafin ya gane kansa yake hukuntawa. Amma a lura, labarin ya yi aiki ne domin akwai aiki na gaske a bayansa, wato abin da aka yi wa Uriya. Da babu wannan, da tatsuniya ce kawai mai sa tausayi.

Matsala takan fara ne idan ado ya zauna a kujerar hujja. Aristotal, masanin ƙasar Girka na ƙarni na huɗu kafin haihuwar Almasihu, ya lissafa hanyoyi 13 da hujja ke yin kama da gaskiya alhali ba ita ba ce. Ba sai mun haddace su ba, domin waɗanda suka fi damunmu suna da suna a bakinmu.

Mafi haɗari ita ce kuɗin goro. Mutum ɗaya ya cuce ka a kasuwar Wunti, sai ka dawo gida ka ce haka dukan ƙabilarsu suke. Yara suna ji. Su ba su san kambamawa kake yi cikin fushi ba, sukan ɗauka koyarwa ce. Wanda ya ga rikicin Afrilu 1991, da ya taso daga Tafawa Ɓalewa ya shigo cikin garin nan, ya san ƙarshen irin wannan lissafi: an kashe mutane da yawa waɗanda ba su san mafarin faɗan ba, an ƙone gidajensu, domin kawai an jefa su cikin “su”. Kalmar nan “duk” tana neman shaida mai yawa ƙwarai, kuma da wuya mai faɗinta ya taɓa ƙirgawa. Idan kuma muna jin zafi sa'ad da aka yi mana kuɗin goro, ba mu da izinin yi wa maƙwabcinmu.

Akwai kuma barin magana a kama mai magana. A taron kwamiti matashi ya ce lissafin kuɗin gini bai daidaita ba, sai a amsa masa da cewa yaushe aka haife shi. Wataƙila ya yi rashin ladabi, a tsawata masa a kan wannan. Lissafin dai yana nan yana jiran a duba shi.

Wadda ta fi wuyar ganewa, a ganina, ita ce mai da karin magana hujja. Dattijo ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai taro ya yi tsit kamar an gama. To, ai kakannin da suka faɗi wannan su ne suka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Karin magana yana taƙaita abin da aka gani sau da yawa, amma ba ya gaya mana ko al'amarin da ke gabanmu na jira ne ko na hanzari. Wannan sai an bincika. Haka nan “kowa ya sani” da “an ce”, waɗanda WhatsApp ya ƙara musu ƙafafu. Yawan masu turo labari bai mai da shi gaskiya ba. Haka kuma cewa baƙuwa ta shigo jiya, yau yaro ya kwanta da zazzaɓi, saboda haka ita ce. Sau da yawa faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma an ɓata sunan tsofaffi mata da dama ta wannan hanya, sauro kuwa yana gefe.

Aikin wannan zango: bayan addu'ar yamma, a ɗauki jawabi ɗaya da aka ji a rediyo, ko saƙo ɗaya da ya shigo waya. Yaro guda ya fitar da adon da ke ciki, ya faɗi sunansa. Wani ya maimaita maganar tsirara, ba kamantawa, ba karin magana. Sa'an nan a tambayi kowa, har da ƙarami, wace shaida aka kawo, kuma wa ya gani da idonsa. Iyaye su shirya, domin ba da daɗewa ba yaran za su gwada tambayar a kan maganar baba.