Gonar da Ramachandra Reddy Ya Bayar

'Ya'yana, a cikinku akwai waɗanda wata rana za a danƙa wa gado: gona, ko fili, ko kanti, ko kujerar da ake zuwa gaisuwa a gabanta. Wasu kuma da guminku za ku tara. Saboda ranar nan nake so ku san wani mutum daga kudancin Indiya, ɗan ƙabilar Telugu, mai suna Vedire Ramachandra Reddy. An haife shi a 1905, a gidan manyan masu filaye na ƙauyen Pochampally, wanda a lokacin yake cikin gundumar Nalgonda a yankin Telangana. Ya yi karatun lauya, ya dawo gida yana cikin masu faɗa a ji a garinsu.

Ba za ku gane nauyin abin da ya yi ba sai kun san ƙasar da ya tashi a ciki. A lokacin, Telangana tana ƙarƙashin Nizam, sarkin Haidarabad. A ƙauyuka kuwa, iko yana hannun manyan masu filaye da ake kira dora. Akwai wata al'ada ta aikin tilas mai suna vetti. Gidan talaka zai tura mutum guda ya yi wa dora aiki ba ko sisi. Mai wanki ya wanke masa kaya kyauta, wanzami ya yi masa aski kyauta, masaƙi ya kai masa zane kyauta. In talaka zai yi masa magana, sai ya fara da kiran kansa bawansa. Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan Dalit, mutanen da al'adar can ta ajiye a can ƙasa, har ake ƙyamar taɓa su.

A wannan gunduma ta Nalgonda akwai wani attajirin, shi ma sunansa Ramachandra Reddy, mai garin Visnur, wanda ya riƙe kimanin eka 40,000. Kada ku haɗa su, ba mutum ɗaya ba ne. Na Visnur shi ne ya tura yaransa su kwashe amfanin gonar wata mai wanki, Chityala Ailamma, wadda ke noma 'yar gonar haya a Palakurthi. Matar nan ta ƙi, matasan ƙungiyar Andhra Mahasabha suka tsaya mata, aka kai hatsinta gida. A ranar 4 ga Yuli 1946, 'yan bindigar mai garin Visnur suka harbe wani saurayi, Doddi Komaraiah, a ƙauyen Kadavendi. Daga nan wuta ta kama. Manoma suka ɗauki makami ƙarƙashin jagorancin 'yan kwaminisanci, tawayen ya bazu zuwa ƙauyuka wajen 3,000, aka ƙona takardun bashi, aka raba filaye da ƙarfi, masu filaye da yawa suka gudu birni. Sojojin Indiya sun shiga Haidarabad a Satumba 1948 suka kawo ƙarshen mulkin Nizam, amma faɗa da manoma bai tsaya ba sai Oktoba 1951, bayan dubban rayuka sun salwanta.

Ana cikin wannan hali ne Vinoba Bhave, almajirin Gandhi, ya shigo yankin da ƙafa, yana bin ƙauyuka yana sauraron mutane. Ranar 18 ga Afrilu 1951 ya sauka a Pochampally, gari mai gidaje kimanin 700, kashi biyu cikin uku ba su da ko taƙi. Ya shiga unguwar 'yan Dalit. Gidaje 40 suka gaya masa buƙatarsu: eka 80, rabi fadama rabi tudu, wato eka bibbiyu ga kowane gida. Vinoba ba shi da gonar da zai ba su. Da farko shawarar da ya kawo ita ce a rubuta wa gwamnati takardar koke. Daga baya, a gaban taron gari, ya juya ya tambaya ko akwai wanda zai iya taimaka wa 'yan'uwansa. Ramachandra Reddy ya miƙe ya ce ya ba da eka 100. Vinoba ya yi mamaki har ya nemi ya maimaita, ya maimaita, aka kuma rubuta. Mutanen nan kuwa suka ce 80 suka nema, 80 ta ishe su.

Ku dubi abin da aka nema da abin da aka bayar. Ba su roƙi abinci ba, ba su roƙi tufafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: sun san cewa muddin gonar da suke nomawa ta wani ce, bakinsu a rufe yake, 'ya'yansu kuma za su gaji tsugunno a ƙofar gidan dora. Da Reddy ya buɗe rumbu ya raba musu shinkafa, da sun yi godiya, da an yaba masa, da kuma baɗi sun dawo ƙofarsa. Abin da ya ba su shi ne abin da zai sa su daina buƙatarsa. Wannan ce kyautar da ta fi yi wa mai arziki wuya, domin dukiya ba ita kaɗai ke fita daga hannunsa ba, har da masu zuwa gaisuwa. Yawancinmu, in Allah ya hore mana, mun fi son irin alherin da ke sa a riƙa dawowa. Ba na cewa ku daina ciyarwa, ciyarwa babban aiki ne. Amma in yaron kantinku ya shekara goma yana muku hidima, ku tambayi kanku ko buhun sallah yake buƙata ko jarin da zai buɗe nasa.

Na san mai kaifin hankali a cikinku zai ce ai tsoro ne. Mutumin nan ya ga gemun 'yan'uwansa ya kama da wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. Wannan magana ba sabuwa ba ce, 'yan kwaminisanci na lokacin ma sun zargi tafiyar Vinoba da cewa dabara ce ta kwantar da tawaye. Zuciya dai Allah ne ya san ta. Abin da zan ce muku shi ne, wutar nan duk masu filayen Telangana sun gan ta. Wasu sun tsere birni, wasu sun jira soja su dawo musu da abin da aka ƙwace. Shi kuwa ya miƙe a gaban mutanen garinsu, ba bindiga a kansa, ba dokar da ta tilasta masa, ya ba da fiye da abin da aka roƙa. Ko da akwai tsoro a ciki, tsoron da ya kai mutum ga mayar wa talaka haƙƙinsa ba abin kunya ba ne.

Abin da ya biyo baya ya wuce tunanin kowa. Vinoba ya ɗauki abin da ya faru a matsayin ishara, ya ci gaba da tafiya yana roƙon gona ƙauye bayan ƙauye. Kafin ya bar Telangana, cikin ƙasa da wata biyu, an ba shi fiye da eka 12,000. Haka aka haifi yunƙurin da ake kira Bhoodan, wato kyautar ƙasa. Yakan ce wa mai gona ya ɗauke shi a matsayin ɗansa na shida, ya ba shi kashi ɗaya cikin shida domin marasa shi. Ya shafe shekara 13 yana zagaya Indiya da ƙafa. Burinsa eka miliyan 50 ne, abin da aka yi alkawari ya ɗan haura miliyan 4. Reddy ya rasu a 1986. Garinsu, wanda ya yi suna wajen saƙar alharini, yanzu Bhoodan Pochampally ake kiransa.

Sai dai akwai ɓangaren labarin da masu yabo kan tsallake, ni kuwa shi na fi so ku riƙe. Da kyautar gona ta zama abin da ake yi a gaban taro ana tafi, sai masu son suna suka shigo. Wani ya ba da fako da duwatsun da ko akuya ba za ta samu abin ci ba. Wani ya ba da filin da ake shari'a a kansa. Wani ya sa hannu a takarda bai faɗi inda gonar take ba, ko iyakarta. Wani ya bayar da gaske, amma da ya mutu magada suka dawo suka ce ba su san zancen ba. Saboda haka, kaso mai yawa na filayen nan bai taɓa isa hannun manomi ba. Wanda ma aka ba shi gona ta gari, sau da yawa ba shi da shanun huɗa, ba iri, ba rijiya, sai ya koma cin bashi a wurin wanda ya saba.

Don haka, 'ya'yana, ranar da zuciyarku ta motsa za ku ba da wani abu mai tushe, ko fili ne na makaranta, ko gona ga maraya, ko wakafi, ku ba da wanda ku kanku za ku so ku noma. Ku taka da ƙafarku a nuna iyaka a gaban shaidu, a kafa alama. A yi takarda da sunan wanda aka ba, a kai ta ofishin da ya dace. Ku tara 'ya'yanku tun kuna da rai ku gaya musu, su ji daga bakinku cewa wurin nan ya fita daga gado. Idan damina ta zagayo, ku leƙa ku ga ko mutumin ya samu iri. Ba a yi wa waɗannan ayyuka taro, shi ya sa aka yi sakaci da su. A jihar Bihar, inda Vinoba ya zauna fiye da shekara biyu kuma aka yi masa alkawarin wajen rabin duk filayen da ya tara, sama da shekara 50 bayan haka gwamnati tana ta kafa kwamitoci don a gano inda gonakin suke da kuma wanda ke noma su.