Me Ke Sa Rediyo Shuu?

A Agwada, in an dawo daga gona da yamma, akan kunna rediyo a ji labarai. Wani lokaci muryar mai labarai takan ɓace, sai shuu kawai. Mai rediyo ya yi ta bubbuga shi, yana cewa ya lalace. Sau da yawa lafiyarsa lau. Cajar da aka jona kusa da shi ce mai laifi.

Ga dalili. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana watsa wani ƙarfi a kewayenta, irin na maganaɗisu. Ido ba ya ganinsa. In wutar tana katsewa tana dawowa da sauri, ƙarfin nan yakan bi iska ya tafi. Caja tana yanka wuta sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, kuma mai araha ba a cika sa mata abin tace ƙarar ba. Haka inbatar sola take, haka wasu ƙwayayen fitila na zamani. Fulogin babur da na janareta kuwa tartsatsi suke yi. Eriya ba ta bambance baƙo da ɗan gida, duk abin da ya zo kamawa take. Tashoshin gajeren zango da matsakaicin zango sun fi shan wahala, FM ta fi juriya.

Kafin ka kai rediyo wurin mai gyara, cire kayan wutan ɗakin ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wanda ka cire ƙarar ta ɗauke, shi ne. Nisanta shi da rediyon, ko da taku uku ne. Wannan magani ba ya cin ko kwabo.

Kowace ƙara da mafarinta. Gurnanin da lasifikar masallaci ke yi daga wutar gida yake, domin wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ƙarar nan ta tit-tit-tit da ake ji dab da shigowar kira kuwa daga wayar salula take. Ajiye salular nesa da amfilifaya.

Akwai samari masu sayo kaya a Keffi su haɗa fitila, ko ƙaramar fanka, ko amfilifaya da hannunsu. Abu ne mai kyau. Amma kuskurensu kusan iri ɗaya ne: suna barin waya zalalai. Doguwar waya eriya ce, ko ba ka nufe ta da haka ba. Gajarta ta. Wayoyi biyu masu zuwa wuri ɗaya, murɗe su tare. Tsohuwar dabara ce, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista a Amurka tun 1881, don wayar tarho. Wayar makirofo kada ta kwanta tare da wayar wuta. In dole su haɗu, ɗaya ta gitta ɗaya ta wuce. A makirofo kuma sa waya mai sulke, wadda ke da saƙar ƙarfe a ƙarƙashin robarta.

Ƙaramin mota mai aiki da batir, irin na fanka, shi ma yana tartsatsi a ciki. Nemi ƙaramar kondensa mai lamba 104, ka liƙa ta da dalma tsakanin ƙafafunsa biyu. Ƙara za ta ragu. Kullin nan da kake gani a wayar cajar kwamfuta ba ado ba ne, aikinsa ke nan, tare ƙara. Kada ka yanke shi. In ka gama haɗa amfilifaya, sa shi cikin akwatin ƙarfe, ka haɗa jikin akwatin da ɓangaren negatif. Roba ba ta tare komai.

Sauran kurakuran ba na ƙara ba ne, na ƙonewa ne. Ƙwan fitila na LED ba a jona shi da batirin babur kai tsaye sai da rasista. Siririyar waya ba ta ɗaukar babban aiki, zafi take yi. Sa fiyus dab da batir. Jar waya ta fozitif ce, duba sau biyu kafin ka jona. Mai koyo ya tsaya a kan batir mai bolt 12 ko ƙasa da haka. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa, kuma babbar kondensar talabijin takan riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket.