Amsar Tambaya: Ciniki Na Tafiya, Ina Ribar Take?

Wata mai sayar da zannuwan gado daga Gummi ta aiko da ƙorafi: tana tallata kaya a WhatsApp da Facebook, masu saye har daga Anka da Bukkuyum, amma ƙarshen wata jari ba ya motsi.

Matsalar lissafi ce. A ce ta saro zani a naira 7,000, ta sayar a 10,000. A idonta ribar 3,000 ce. To, a cire 1,500 na direban da zai kai saƙon, da 300 na leda da ɗauri, da 200 na data, da 200 na mai POS. Saura 800. Harajin naira 50 da ke kan tura kuɗi daga 10,000 zuwa sama ma yana nan, ƙarami ne amma yana taruwa.

Facebook da WhatsApp ba sa karɓar la'ada a irin wannan ciniki. Jiji kuwa kuɗin ɗaga talla yake karɓa ga mai so. Jumia da Konga suna yankar kaso a kowane ciniki, gwargwadon nau'in kaya. Da kason zai zama 10 cikin 100, an cire 1,000 ke nan, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kan la'adar, wato naira 75. Ribar 800 ta koma faɗuwar 275.

Gara ta tara duk kuɗaɗen nan kafin ta yanka farashi, ta kuma faɗa wa mai saye tun farko cewa kuɗin mota a kansa yake. Kayan Bukkuyum da Anka, tunda hanya ɗaya ce, ta haɗa su a mota guda.