Jakar Golf Ga Mai Zagaya Fili da Ƙafa

Tambaya: Na fara buga golf a Kaduna, kuma da ƙafa nake zagayawa ba tare da mai riƙe min jaka ba. Kafin na gama, kafaɗata ta yi tsami. Wace irin jaka zan saya?

Amsa: Malam, ramuka 18 tafiya ce ta kilomita 6 ko fiye, don haka nemi jakar da ba ta wuce kilo 2 ba idan babu komai a ciki. Manyan nan da ake ɗorawa a keke, bar wa masu keken.

Amma maratayi ya fi nauyin muhimmanci. Sayi mai igiya biyu, irin ta jakar goyo ta 'yan makaranta, mai soso a kafaɗa. Kada ka yarda ka gwada ta wayam a shago. Zuba sanduna, ka rataya, ka ɗan zagaya. Ta kwanta a gicciye a ƙugunka, bakinta na ɗan kallon sama; in tana dukan cinyarka ko sanduna na zamewa, gyara igiyar, in ta ƙi ka ajiye ta. Ta kasance mai ƙafafu biyu da ke buɗewa da kansu in ka dire ta, irin Hoofer ta kamfanin Ping. Duba zif ɗinta da kyau, domin ƙurar hunturu zif take fara kashewa.

Sannan dokar golf cewa ta yi kada sanduna su wuce 14, ba ta ce dole sai 14 ba. Sabon shiga 8 ko 9 sun ishe shi. Rage ƙwallaye, ka bar wa gorar ruwa wuri.