Darasi: Muryar da Ke Komawa Ciki

Gabatarwa

Kusan duk maganar da muke yi da duk waƙar da muke rerawa, iskar da ke fitowa daga huhu ce take ɗauke da su. Amma mutum yana iya yin sauti yayin da yake shaƙar iska, kamar yadda muke ji a shessheƙar mai kuka. Dabbobi ma suna yi: jaki yana kuka da shigar iska da fitarta, shi ya sa kukansa yake hawa yana sauka. A wannan darasi za mu duba yadda wannan murya take samuwa, inda ake waƙa da ita, da lokacin da take zama alamar haɗari a cikin gida.

Yadda murya take samuwa

A cikin maƙogwaro akwai tantanin murya guda biyu, kowanne kimanin santimita 2 a babban namiji, na mace kuwa ya ɗan fi gajarta. A shekarar 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel García, ya yi amfani da ƙananan madubai da hasken rana ya ga nasa suna motsi. Idan mutum zai yi magana, tantanin biyu sukan haɗu, iskar huhu ta tura su su buɗe, su sāke rufewa. Wannan yakan faru wajen sau 120 a daƙiƙa ɗaya a maganar namiji, fiye da sau 200 a ta mace. Yawan kaɗawar shi ke sa murya ta yi kauri ko siriri, baki da hanci kuma su ba ta kamanninta.

Me ke canzawa idan iska ta juya?

Siffar tantanin ta dace da iskar da ke tasowa daga ƙasa: gefen ƙasa ne ke fara buɗewa, na sama ya biyo baya, sa'an nan su rufe sosai. Wannan rufewa mai kyau ita ce ke ba murya ƙarfi da zaƙi. Idan iska ta zo daga sama, tsarin yakan birkice. Sau da yawa tantanin ba sa rufewa gaba ɗaya, iska tana zurarewa ta tsakaninsu, kaɗawar kuma ba ta tafiya daidai. Saboda haka muryar takan fito da huci, ta yi kaushi, tana da wuyar riƙewa a kan amo ɗaya. Ga mutane da yawa takan haura sama fiye da muryarsu ta kullum. Iyakarta ma dabam ce: mai waƙa da fitar numfashi yakan tsaya idan iska ta ƙare, mai waƙa da shaƙa kuwa sai huhunsa ya cika.

Inda ake amfani da ita

A arewacin Kanada, matan kabilar Inuit suna da wasan da ake kira katajjaq. Mata biyu sukan tsaya fuska da fuska, suna musayar gajerun sautuka da shaƙa da fitarwa ba tare da tsayawa ba, har ɗaya ta gaji ko ta fashe da dariya. A shekarar 2014 lardin Kwibek ya sa wannan waƙa cikin al'adun gado da yake kiyayewa. A Amurka, mawaƙiya Joan La Barbara ta shirya waƙa a shekarun 1970 wadda take rerawa da shigar numfashi da fitarsa, domin kada sauti ya yanke. A Suwidin da Norwe kuwa, mutane sukan ce "i" suna shaƙar iska a tsakiyar hira, baƙo ya ɗauka sun firgita ne.

Kada mu rikita wannan da abubuwa biyu da muka sani. Mai busa algaita yana tara iska a kumatu, yana busawa da ita yayin da yake shaƙa ta hanci. Tantanin muryarsa ba su ne ke yin amon ba. Haka kuma haruffan ɓ da ɗ na Hausa ba da shaƙar huhu ake furta su ba. Maƙogwaro ne yake ɗan sauka ƙasa.

Amfani da gargaɗi

Masu gyaran murya a asibiti sukan sa marar lafiya ya yi sauti da shaƙa na ɗan lokaci, domin ya saki naman wuyan da yake matsewa, tantanin murya su koma aikinsu. Amma iskar da ke shiga ta baki da sauri tana busar da maƙogwaro, balle a lokacin hunturu. Wanda ke cikin ƙungiyar mawaƙa, idan zai gwada, ya yi a hankali, ya sha ruwa, ya daina da zarar ya ji kaikayi ko zafi.

Iyaye kuma su lura. Idan yaro yana yin ƙara mai kaushi duk lokacin da ya shaƙi iska, ba da gangan ba, alama ce hanyar numfashinsa ta ƙuntata, ko saboda kumburi ko wani abu da ya maƙale. Idan ƙirjinsa yana lotsawa, ko leɓunansa sun canza launi, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa muryar shaƙa ba ta kai ta kullum zaƙi ba?
2. Mene ne bambancin mai busa algaita da mai waƙar katajjaq?
3. Waɗanne alamu ne za su sa a gaggauta kai yaro asibiti?