Rini Mai Shan Rana

Kowace mace a Lugu ta san wannan: idan ta wanke sabon zane, ba ta barin shi ya wuni bisa darni a tsakar rana. Takan juya shi baibai, ko ta shanya shi a inuwa. In ka tambaye ta dalili, sai ta ce maka, "Ai rana cin launi take yi." Gaskiyarta. Zanen da ya shekara yana shan rana sai ka ga ya koɗe, kamar ba shi ne aka sayo da tsada a kasuwar Dogondutsi ba.

To, mi ya haɗa rana da launi?

Hasken rana da muke gani fari fat, ba launi guda ba ne. Ku tuna da bakan gizo lokacin damina. Akwai ja, akwai rawaya, akwai tsanwa, akwai shuɗi. Dukansu suna cikin hasken nan, ɗigon ruwan sama ne ya rarraba su har muka gan su. Aikin rini shi ne ya sha wani sashe na haske, ya maido saura zuwa idonmu. Abin da ya maido, shi muke kira launinsa. Ganyen hatsi yana shan ja da shuɗi, ya maido tsanwa. Baƙar riga kuwa tana shanye kusan duka, shi ya sa mai ita ya fi mai farar riga yin gumi. Hasken da aka sha bai ɓace ba, zafi ya koma. Kuma ƙarfin hasken nan ne yake kakkarya ƙwayoyin rini sannu a hankali, har zane ya koɗe.

Aikin marina

Rini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dukawa suna samun jan fata daga karan dafi. Saiwar rawaya tana ba da launin da ya ci sunanta. Lalle kuwa ba sai an faɗa ba. Amma sarkinsu duka shi ne baba.

Akan yanko ganyen baba, a kirɓa shi, a dunƙula, a shanya. Marini ya zuba shi cikin karofi tare da ruwa da toka da katsi, ya bar shi kwanaki ya ruɓa, yana motsawa da doguwar sanda. Ga abin mamaki: in an tsoma farin ƙyalle an ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba, tsanwa-tsanwa yake fitowa. Sai ya sha iska, kana kallo, ya juye shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi baƙi yadda ake so. Dalili shi ne, ainihin shuni ba ya narkewa cikin ruwa. Ruɓar da ya yi cikin karofi ita take sauya shi ya narke, ya shiga cikin zare. Iska kuma ta maida shi yadda yake, ya maƙale a ciki, wanki bai iya fidda shi da sauƙi. Marini bai taɓa shiga lakwal ba, amma wannan aiki nasa ilimin haɗa sinadarai ne sosai. Yakan duba kumfa, ya sansana, ya san ko karofi ya nuna.

A Kano har yau ana rini a Ƙofar Mata, inda ake cewa an fara tun 1498. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake rinawa can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Rawanin nan mai walƙiya da Abzinawa suke ji da shi, wanda yake barin shuni a fuska, a Kura ta ƙasar Kano aka fi yin shi.

Abin da ya karya wannan sana'a daga nesa ya zo. A 1856 wani yaro ɗan Ingila mai shekara 18, William Perkin, yana neman haɗa maganin zazzaɓin sauro, sai ya samu rini mai launin shunayya daga kwaltar gawayin ƙasa. Tun daga nan Turawa suka gane ana iya ƙera launi ba tare da shuka ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara saida shunin masana'anta. Ga araha, ga sauri. Karofi da yawa suka mutu, aka cike su da shara.

Rinin da yake ba da wuta

Yanzu mu koma ga tambayar da wasu masana suka yi wa kansu. Tun da rini yana shan ƙarfin rana, mi zai hana a karɓe ƙarfin daga hannunsa kafin ya koma zafi? Ganye ma ai haka yake yi: da tsanwarsa yake kama rana ya yi wa shuka abinci.

A 1991, a birnin Lozan na ƙasar Suwis, Michael Grätzel da Brian O'Regan suka nuna hanyar yin haka. Sun ɗauki gilashi biyu da aka yi wa shafen da wutar lantarki take bi. Bisa ɗaya suka shafa wani farin gari, irin wanda ake sakawa cikin farin fenti, suka gasa shi ya kama. Sannan suka tsoma shi cikin rini, kamar yadda marini yake tsoma ƙyalle. Suka rufe da ɗayan gilashin, suka ɗura ruwa mai aidin a tsakani, dangin jan maganin nan da ake shafa wa rauni a gidan likita.

Ga yadda abin yake aiki. Cikin kowane abu akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ana kiran su ilaktaron. Gudunsu cikin waya shi ne wutar lantarki, wadda muke ce wa kuran. In haske ya bugi ƙwayar rini, sai ilaktaron guda ya zabura ya fita, ya faɗa cikin farin garin nan, ya bi waya, ya kunna fitila, ya dawo ta ɗayan gilashin. Ruwan aidin ya ɗauko shi ya maida wa rinin. Kamar guga ne a bakin rijiya: ya fito cike, a juye, ya koma, ya sake fitowa. Muddin da haske, gugan bai tsayawa.

Gwajin farko ya maida kashi 7 cikin 100 na hasken da ya sauka bisansa ya zama wuta. Amma rinin yana da wani ƙarfe a ciki mai suna rutiniyam, wanda yake da wuyar samu, ga tsada. Don haka masana suka duƙufa neman rini marar wannan ƙarfe, wanda aka gina da kabon, wato sinadarin da yake cikin gawayi da itace da jikinmu. Shi ma baba irinsa ne.

A nan ne gwaninta take. Ba zuwa daji suke su tsinko ba, zama suke su tsara ƙwayar rinin gaɓa gaɓa, sau da yawa cikin kwamfuta tukuna, kafin a haɗa ta a kwalba. Yawanci gaɓa uku ake yi mata. Kun ga yadda magina suke miƙa tubali hannu da hannu? Na farko ya ɗauko, na tsakiya ya miƙa, na ƙarshe ya aza bisa gini. To haka. Gaɓa ta farko mai sakin ilaktaron ce, ta tsakiya gada ce, ta ƙarshe ita take jawo shi, kuma ita take da ƙugiyar da take riƙe farin garin. In aka tsawaita gadar, launi sai ya sauya, rinin ya ƙara shan jan haske. In ƙugiya ba ta da ƙarfi, rinin ya saki, aiki ya lalace. Wani lokaci har reshe ake ƙara wa ƙwayar, don kada ƴan uwanta su manne mata su cushe wuri guda. Ku lura, damuwarsu ita ce damuwar marini: rini ya kama, kuma kada ya koɗe.

Fuskar salula

Akwai kuma kishiyar wannan aiki. Wancan rini a ba shi haske ya ba da wuta. Wani kuma a ba shi wuta ya ba da haske. A 1987, a kamfanin Kodak na Amurka, Ching Tang da Steven Van Slyke suka yi fitila ta farko mai amfani ta wannan iri, ana ce mata OLED. Da ita ake yin fuskar manyan salula da talabijin masu tsada. Ƙananan salula kuwa fitila ce a baya, da matatar launi a gaba. Ko wanne ne, hoton da kake gani ɗige-ɗige ne na launi uku: ja, tsanwa, shuɗi. Ɗiga ɗan mitsitsin ruwa bisa fuskar salula mai haske, ka duba da kyau, za ka iya ganin su. A cikin ukun nan, shuɗi ne ya fi ba masana wuya, shi yake riga sauran mutuwa. Launin da marinan Kano suka fi gwanancewa da shi ke nan.

Mu fa?

Sai a yi hattara. Allon hasken rana da muke gani bisa rufin gidan likita, ko a rumfar mai cajin salula a Tibiri ko Matankari, wanda ake kira panno, ba na rini ba ne. Da silikon aka yi shi, wanda ake tacewa daga yashi. Haka manyan tashoshin Malbaza, mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta 2023. Allon silikon na kasuwa yana ba da kusan kashi 20 cikin 100, kuma yana daɗewa fiye da shekara 20. Na rini kuwa, a ɗakin gwaji ya kai wajen kashi 15 a 2022. Inda ya fi ƙarfi shi ne cikin ɗaki, wurin da haske bai da yawa, ko a taga. A Lozan, a 2014, an yi wa wani babban zauren taro tagogi masu launi na wannan iri, faɗin murabba'in mita 300.

Rauninsa kuwa a ƙasa irin tamu ya fi fitowa. Da bazara zafi yana wuce digiri 40 a Arewa. Ruwan da yake tsakanin gilashin yana iya yoyo ko ya ƙafe, rinin ya gaji. A jami'o'i da dama, har da na Najeriya, an gwada ruwan yakuwa da lalle a madadin rinin masana'anta. Suna ba da wuta, amma kaɗan, da wuya su kai kashi 2 cikin 100. Saboda haka duk wanda ya ce maka ruwan bisap zai haska ajin yaƙi da jahilci da dare, bai faɗa maka gaskiya ba. A ganina dai, gwada irin wannan allo a ƙarƙashin ranarmu aikin ƴan ƙasa ne, don mu rana take gasawa. Kuma an riga an share hanya. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta ONERSOL tun daga 1969, inda aka ƙera na'urar dafa ruwa da murhun girki masu aiki da rana. Ya rasu a 1991, shekarar da aka fito da allon rini. Jami'ar Yamai sunansa take amsawa tun 1992.

Ga aikin da za ku yi a gida. Ku jiƙa busasshen furen yakuwa, wanda ake yin bisap ko zoɓo da shi, ku tace, ku raba ruwan cikin kofi uku. Na farko ku bar shi yadda yake. Na biyu ku matsa mashi lemun tsami. Na uku ku ɗiga mashi ruwan kanwa kaɗan kaɗan, kuna kallo. Na lemu zai ƙara ja, na kanwa zai yi duhu ya juya zuwa tsanwa-tsanwa. Rinin guda ne, ɗan sauyi kaɗan ƙwayarsa ta samu, sai ta koma shan wani haske dabam. Sannan ku tsoma tsumma biyu farare cikin kofi na farko, ku shanya ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki, har kwana bakwai. Kowa ya rubuta abin da ya gani cikin littafinsa, ya zo da tsummokaransa aji.