Ƙibar Yara: Ina Iyakar Alhakin Iyaye?

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, yaro mai jiki ɓul-ɓul abin alfahari ne ga uwarsa, domin ana ɗaukar ƙibarsa shaidar kyakkyawan reno. Amma likitoci sun tabbatar cewa ƙibar da ta wuce kima cuta ce mai jawo ciwon sukari da hawan jini da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa miliyan 160, 'yan shekara 5 zuwa 19, suna fama da irin wannan ƙiba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba ko ya dace a kira ƙibar yaro cin zali daga wajen iyayensa.

Hujjar masu ɗora laifi a kan iyaye

Ƙaramin yaro ba ya cefane, ba ya kuma ɗora tukunya. Abin da aka ba shi, shi yake ci. Saboda haka masu wannan ra'ayi suke cewa cika yaro da abincin da zai illata shi daidai yake da hana shi abinci. Suna kafa hujja da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda sashe na 19 nata ya wajabta wa hukuma kare yaro daga sakacin masu renonsa. A 2011 likita David Ludwig da lauya Lindsey Murtagh sun rubuta a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka cewa hukuma tana iya raba yaro da iyayensa na ɗan lokaci, idan ƙiba ta kai ga barazana ga ransa. A shekarar kuwa aka karɓe wani yaro ɗan shekara 8 daga hannun uwarsa a jihar Ohio ta Amurka, nauyinsa ya haura kilo 90.

Hujjar masu kare iyaye

Su kuma waɗannan cewa suke ƙiba ba dalili ɗaya ke kawo ta ba. Akwai gado. Akwai cututtuka irin su Prader-Willi, wadda mai ita ba ya jin ƙoshi komai yawan abin da ya ci. Akwai talauci, domin a biranen Turai da Amurka abinci mai maiƙo da zaƙi ya kan fi sauƙin samu ga matalauci. Daɗin daɗawa, raba yaro da uwarsa shi ma rauni ne wanda ba ya saurin warkewa.

Inda gizo ke saƙa

Wata shari'a da aka yi a yankin Wales na Birtaniya ta nuna inda iyakar take. A 2020 wata yarinya 'yar shekara 16, wadda aka haifa da lalurar laka, ta rasu tana da nauyin kilo 146, bayan an bar ta kwance cikin ƙazanta wata da watanni. A 2023 kotu ta ɗaure iyayenta bisa laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci. Abin lura shi ne ba nauyinta kaɗai aka hukunta su a kai ba. Watsin da suka yi da ita ne laifin, ƙibar kuwa ɗaya ce daga alamominsa.

Kammalawa

Ashe ke nan sikeli ba ya yanke hukunci. Abin tambaya uku ne: shin cutar ta kai ga barazana ga ran yaron? Shin an faɗakar da iyayen, an kuma ba su taimako? Shin suna da ikon gyarawa suka ƙi? In duka ukun sun tabbata, to, sakaci ya zama cin zali. In ɗaya ya rasa, iyayen mabuƙata ilimi da agaji ne, kuma asibiti ya fi kotu dacewa da su. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.